Baba Kuku Tsakanin Albasa da Sahun Farko

Wuƙa a aljihun dama, lemun tsami a aljihun hagu. Haka Baba Kuku ya yi ta yawo a Sabo shekara da shekaru. Carbi ma a wuya yake rataya shi, don aljihu ya riga ya cika. Ku gayyace shi suna, da su zai zo. Ɗaurin aure, da su zai zo. Gidan rasuwa kuwa sai matarsa Inna Asabe ta tsare ƙofa ta lalube shi kafin ya fita.

Ni Gambo ne, mai albasa a kasuwar Shasha. Kun san ni ba mai magana ba ne. Amma yau kwana arba'in da muka binne shi, kuma akwai maganar da ya ce kar in faɗa sai bayan ransa. To ya tafi, zan faɗa. Sai dai bari in faro daga baya, saboda waɗanda suka buɗe ido suka gan shi yana salla a barandar masallaci, kusa da takalma.

Sunansa Haruna. Kuku kuwa ya samo shi ne daga gidan wani Ba'indiye mai kamfani a nan Ibadan, inda ya yi girki tun yana saurayi har furfura ta fito. Da Indiyawan suka tattara suka koma ƙasarsu, wani ma'aikacin ya fito da firji, wani da keken ɗinki. Baba ya fito da wuƙa ɗaya, da kwanon silba ɗaya, da wata magana da ta fi dutse tauri a kansa: abincin da babu ɗanyar albasa a gefensa maraya ne.

Labarin yadda ya koya, na ji shi ya fi a ƙirga.

"Ranar farko na yanka wa Madam, matar maigidan, albasa irin tamu," in ji shi. "Ta ɗauki guda ta juya ta, ta ce, Haruna, wannan itacen girki ne? Na sake. Ta ce in sake. Sai da na cinye rabin kwando. Ka san yadda take gwadawa? Jarida take shimfiɗawa ta ɗora yanka ɗaya a kai. In ba ta karanta rubutu ta ciki ba, ba ta karɓa!"

Ni ban iya karatu ba, don haka ban taɓa gwada na jarida ba. Amma na ga rana ta cikin albasar Baba da idona.

Ga yadda yake yi. Albasa ja, ƙarama, busasshiya. Ya yanka ta zobe-zobe, siriri kamar fatar tafarnuwa. Ya warware zoben da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa su a ruwan sanyi da gishiri, tsawon alwala da raka'a biyu, ba ƙari ba ragi. Ya tsane su a farin ƙyalle wanda ko Inna Asabe ba ta isa ta taɓa ba. Sannan lemun tsami, ɗan gishiri, garin barkono na tsakanin yatsa biyu, da wani ganye mai ƙanshi da yake shukawa a tsohon bokiti. Shi ke nan. Kuma a take ake ci. Yana cewa in ta zauna ta kai tsawon huɗuba, ta mutu.

Matan unguwa su leƙo su ce, "Baba, wane irin kwaɗo ne wannan ba ƙuli, ba mai?"

Ya ce, "Ƙuli na mai ɓoye laifin hannunsa ne."

Da tuwo yake ci. Da shinkafa da wake. Da amala ma, wallahi! Har matan Yarabawa na unguwar Mokola suka sa masa Baba Alubosa, wato albasa da yarensu, shi kuwa yana amsawa da ƙarfi kamar an ba shi sarauta.

Ni a kasuwa na san shi. Akwai albasa a bakin titin Sabo, amma ba zai saya ba, wai ta sha hayaƙin mota. Sai ya hau keke, ya sauka, ya hau mota har Shasha, don albasa biyar. Ya iso rumfata ya tuɓe hula ya ajiye gefe, ya zura hannu har gindin buhu. Ya matsa wuyanta. Ya shinshina. Ya kai ta kunne ya girgiza.

Na ce, "Baba, kankana ce?"

"Yi min shiru, ina jin ko ta sha ruwa."

Na miƙa masa wata katuwa mai sheƙi. Ko kallo na biyu bai yi mata ba.

"Wannan taki aka ɗura mata. Girman banza. A waje babbar riga, a ciki ruwa."

Masu saye su zo su tsaya, su gaji su wuce rumfar gaba. Bayan an ɗauki lokaci ya ware biyar. Ya tashi zai tafi, sai ya dawo ya ajiye ɗaya.

"Ita kuma me ta yi?"

"Ban yarda da ita ba."

Ranar da ya kai ni bango na ce, "Baba, kwashe su kyauta, kar ka sake zuwa." Ya dube ni ya ce, "Kyauta ba ta hana dubawa." Ya zauna ya faro daga farko.

Sani mai suya yana nan, ku tambaye shi in ƙarya nake. Wata rana da yamma Baba ya sayi tsire, ya buɗe takarda ya ga albasar da aka zuba masa. Ya tsaya cak.

"Sani."

"Na'am, Baba."

"Da gatari ka yanka?"

Kafin Sani ya ba da amsa an ture shi gefe. Baba ya zaro wuƙa ya hau faranti. Nama na kan wuta, mutane sun yi layi. Wani Bayarabe da ya ajiye ƙatuwar mota ya fara huci, yana cewa, "Baba, abeg, na meat we come buy!" Baba bai ɗago ba, ya ce masa da Yarabanci ya yi haƙuri, ba wanda yunwa ta taɓa kashewa a gaban mai suya. Ya aiki Sani ya kawo ruwan sanyi. Ya matse lemun aljihunsa. Mutumin ya ɗanɗana yana harara. Ya sake ɗanɗanawa. Daga nan ya ce a rage nama a ƙara masa albasa.

Sani ya yi fushin kwana uku. Rana ta huɗu ya lura cewa albasa ɗaya da a da take isar mutum biyu, a yankan Baba tana isar bakwai. Sai ga shi a ƙofar gida da sassafe, wai ya zo gaisuwa. Don haka in kun ga albasar Sani siririya har yau, ba tsabar iyawa ba ce. Rowa ce ta haɗu da ilimi.

To abu na biyu da Baba bai wasa da shi ba shi ne sahun farko. Bayan liman, ɗan dama kaɗan. Tun kafin a yi wa masallacin unguwarmu silin yake wurin. Yana riga ladan zuwa. Shimfiɗar wurin har ta yi rami daidai gwiwoyinsa. Akwai wani baƙo mai kuɗi da ya taɓa zama a nan bai sani ba. Baba ya zo ya zauna a kan rabin babbar rigarsa ya kama lazimi. Mutumin ya ja, ya ja, ya yi tari. Da ya samu ya zare, sai sahu na uku.

Kuma duk wannan albasar da yake ci, ba wanda ya taɓa jin komai a bakinsa. Yana gamawa zai tauna kanumfari, ya bi da asuwaki har sai dasashi ya koka.

Yanzu na zo kan tawa.

Shekarar da rumfata ta ƙone, a shekarar matata ta rasu. Ba zan daɗe a nan ba. Na koma yi wa wasu aiki, ina tsince musu ruɓaɓɓiyar albasa daga buhunan da suka sha ruwa a hanya. Daga safe zuwa azahar hannuna cikin buhu. In na dawo Sabo sai in rufe ɗaki. Na daina zuwa wurin mutane. Na daina zuwa masallaci.

Wata rana aka banko ƙofa. Baba ne.

"Tashi."

"Zuwa ina?"

"Masallaci."

"Baba, ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ka wata uku. Albasa ma in aka kulle ta a duhu tsiro take yi ta lalace. Tashi!"

Ya ja ni har sahun farko ya tsayar da ni a damansa. Ni da ko a zamanin wadata bakin ƙofa nake tsayawa. Kullum sai ya biyo ya ɗauke ni. Mutane suka fara miƙo min hannu, ana cewa, Gambo, yaya haƙuri. A wurin nan na fara komawa mutum. Ban da wani abu a duniya lokacin sai wannan tsayuwar.

Ba a yi sati uku ba sai tari ya yawaita a sahun. Wani ya ja hiraminsa ya rufe hanci. Alhaji Mudi mai canji, wanda yake tsayawa kusa da mu, ya fara zuwa da kwalbar turare yana yayyafawa kamar mai korar sauro. Ni ban kawo komai a raina ba.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, an shafa addu'a ke nan, Alhaji Mudi ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, akwai magana. Mun yi haƙuri har mun gaji. Warin albasa ya hana mu natsuwa a sahun nan. Ba na son in kama suna, amma..."

Ya juyo ɓangarenmu. Kafin ya ƙarasa Baba ya tashi tsaye, da gwiwar nan tasa mai ciwo, kamar an tsikare shi.

"Ba sai ka kama ba, Alhaji. Ni ne. Duk Sabo wa ke yawo da kayan albasa a aljihu?"

Liman mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Malam Haruna, ai ka san hukuncin wanda ya ci ɗanyar albasa, ba ya shiga cikin mutane sai warin ya gushe. Abin mai sauƙi ne. Ka bar ta da rana, ka ci abarka bayan isha'i."

"Ba zan iya ba, Malam."

"Haba! Albasa fa?"

"Abinci ba albasa maraya ne."

"To wurinka fa? Shekara nawa kana nan?"

Baba ya dubi ramin gwiwoyinsa. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ce, "Zan koma baranda, iska ta raba mu." Ya dafa kafaɗata. "Gambo, muje. Kai za ka riƙa tsayawa kusa da ni, in gwiwa ta ƙi ka ɗaga ni."

Kun tuna dariyar da aka yi. Kafin magariba labari ya kai Mokola. Baba Kuku ya sayar da sahun farko da albasa! Har ya zama karin magana a unguwa. In yarinya ta ƙi mai shago ta zaɓi ɗan okada, sai a ce ta yi zaɓin Baba Kuku. Ni ma na bi sahun masu zagi. Na ce masa, "Baba, ka ba ni kunya." Ya ce, "Kunya ba ta kai mutum asibiti."

Alhaji Mudi ya gaje wurin. Mu kuwa muna baranda. Rana ta doke mu, ruwa ya fantsamo mana, wanda ya makara ya tsallake mu yana neman inda zai ajiye silifa. Baba bai taɓa kuka da komai ba. Abu ɗaya na lura. Duk sanda muka iso, sai idonsa ya fara leƙawa ta taga zuwa bayan liman, ɗan dama kaɗan, sannan ya shimfiɗa tabarma.

Bayan wata biyu 'yarsa ta haihu a Ilorin, ya tafi kwana goma. Na ce a raina, tunda mai laifin ba ya nan, bari in shiga ciki in sha fanka. Na samu sahu na uku. Na kusa da ni ta hagu ya matsa. Na dama ya matsa. Masallaci cike, amma ni na samu fili kamar mai gona. Da aka sallame, wani Bayarabe ɗan okada, baƙo ne bai san kowa ba, ya dube ni ya ce, "Aboki, you dey sell onion? E don spoil o." Wai albasar da nake sayarwa ta ruɓe.

Na fito na shinshina rigata. Ban ji komai ba. Na shinshina hannu. Ba komai. Mai albasa ba ya jin albasa. Na wuce gidan Baba na yi sallama.

"Inna, tambaya na zo yi, ki gaya min tsakani da Allah. Ina wari?"

Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Sai yau?"

"Inna."

"Gambo, in ka shigo gidan nan kaji ma fita suke yi. Tun ranar da Baba ya fara ɗauko ka ya sani. Ya ce in na faɗa maka a bakin aurena."

Ranar da ya dawo na same shi a zaure yana yanka albasa. Ban ko yi masa sannu da hanya ba.

"Baba, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Warin."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo min lemun can."

"Me ya hana ka ce wa liman za ka daina ci, ka zauna a wurinka?"

"Kai dai kanka kamar albasar taki. In na daina ci, warin zai daina? Sati ɗaya za su gane mai shi. Kuma na san ka. Ranar da aka nuna ka da yatsa a masallaci, ba za ka sake taka shi ba sai an kawo ka a makara."

Gaskiya ya faɗa. Ban musa ba. Na ce, "Zan je in gaya wa liman."

Sai ya nuna ni da wuƙar. "In ka faɗa ina da rai, ban yafe ba. In na mutu ka karɓi lasifikar ladan ka faɗa. Kawo hannuwanka."

Ya janyo kwanon silba, ya zuba ruwan sanyi da gishiri, ya tsoma hannuwana a ciki.

"Baba, ni albasa ce?"

"Ita ta fi ka jin magana. Kar ka motsa sai na yi alwala da raka'a biyu."

Da ya idar ya tsane su, ya raba lemun tsami ya hau gurzawa. Hannuwan nan duk tsaga ne. Jama'a, na sha wuya a duniya. Mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Jebba, 'yan fashi sun sare ni a kafaɗa, ban yi ihu ba. Ranar na yi. Inna Asabe tana daga ciki tana cewa, "Saura barkono, Malam!"

Haka ya riƙa yi min kullum in na dawo kasuwa, ya kuma sa na ware rigar aiki daban da ta salla. Daga baya Allah ya buɗa, na sake kafa rumfa, na bar tsintar ruɓaɓɓiya. Wari ya tafi, Inna Asabe da kajinta suka shaida. Na ce, "Baba, yanzu sai mu koma ciki."

Ya ce, "In na koma da wuƙata da lemuna, kuma ba wari, Alhaji Mudi zai haɗa ɗaya da ɗaya. Sana'arsa ke nan. Zauna, nan ya fi iska."

A baranda ya ƙarasa shekarunsa, ana yi masa dariya, yana tayawa.

Da ciwo ya kwantar da shi likita ya hana gishiri, ya hana barkono, ya hana tsami. Baba ya ce to likita bai hana kallo ba. Sai an ajiye masa albasar gefen kunu, ya sha yana dubanta. Da hannunsa ya gaza sai ya ba ni wuƙar. Na yanka na miƙa. Ya ce, "Gatari." Washegari ma, "Gatari." Kwana biyu kafin ya cika na miƙa masa wata. Ya ɗaga ta saitin taga, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe.

"Madam za ta karɓa," ya ce. "Da ƙyar."

Ranar jana'iza aka fito da shi aka shimfiɗe a gaba. Liman ya tsaya a bayansa. Alhaji Mudi a bayan liman, ni a gefensa, mu duka Sabo a baya. Na ce a raina, to Baba, yau kam ba mai tsallake ka.

Maganar ke nan. Alhaji Mudi, ba ka da laifi. Hancinka bai yi ƙarya ba, ɓatan gida kawai ya yi. Malam Liman, ka yi hukunci da abin da aka gaya maka. Warin nawa ne, sahun nasa ne, shi ya biya. Duk wanda ya taɓa cewa zaɓin Baba Kuku yana dariya, ya ci gaba da faɗa, amma yanzu ya san abin da aka zaɓa.

Shinkafar sadaka tana nan tafe, da albasa a gefe. Ni na yanka. Ku ci da wuri kar ta mutu, kanumfari yana wurin Inna Asabe.

Allah, bawanka Haruna ya rufa min asiri a ɗakinka, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba Inna Asabe haƙuri. Ranar da za a tsaya gabanka, ka mayar masa da wurinsa a sahun farko. Amin.